Lambar Haƙuri

Ruwan farko na shekarar 1996 ya sauka a Gumel ranar Laraba da asuba, ruwa mai yawa, irin wanda ya isa shuka. Da na fito zan tafi ofis, duk wanda na gamu da shi a hanya da sungumi a kafaɗarsa.

Ofishinmu na wani shiri ne na taimakon manoma, yana kula da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ni shara da dafa shayi aka ɗauke ni yi. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da mahaifina ya rasu muka koma gidan Kawu Manu, yayan mahaifiyata, mai injin niƙa a bayan kasuwa. A can na girma ina jera kwanukan mata a layi. Ba ni da yawan magana. In babban mutum ya tambaye ni abu, ƙasa nake kallo har ya gaji ya amsa wa kansa.

A ofishin akwai kwamfuta guda ɗaya, tsayinta ya kai ƙaramin firij, a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi. Wayoyi sun fita daga jikinta zuwa alluna uku: ɗaya a ofishin manaja, Alhaji Rufa'i, ɗaya a teburin akawu, Reuben, ɗaya kuma a wajen Anti Joyce, jami'ar da ke kula da awon ruwan sama. Su ukun suna iya ba ta aiki a lokaci guda, ita kuma ta raba ƙarfinta a tsakaninsu. Manyan batura da faifan hasken rana ke riƙe da ita, don haka ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa.

Anti Joyce mutuniyar Pankshin ce, shekararta shida a Gumel. Ita ta kafa ma'aunin ruwa a ƙauyuka arba'in da biyu, tana zagaya su a kan mashin ɗinta, da hular kwano da jakar takardu. Wata rana ta same ni ina karanta takardun da aka zubar a kwandon shara, ina motsa baki. Na ji kunya kamar in nutse. Ba ta yi dariya ba, kujera ta jawo mini.

"Safinatu, kin san lambobi?"

Na gyaɗa kai.

"To ai shi ke nan. Zauna."

Daga ranar, in na gama shara sai in zauna a allonta ina shigar da awon ruwan da ake aikowa daga ƙauyuka. Ba ni da suna a cikin na'urar, da sunanta nake shiga, ta kuma ba ni kalmar sirrinta. Na sayi littafi mai shafi ashirin, duk abin da ta nuna mini in rubuta shi da fensir.

A makon da nake ba da labari, Anti Joyce ta ba na'urar aiki mafi girma da ta taɓa ba ta. Ta haɗa awon ruwa na shekara shida gaba ɗaya, tana so na'urar ta fitar wa kowace gunduma ranakun da shuka ta fi tsira da irin da ya dace da ita. Ta sa wa aikin suna damina. Ta tayar da shi ranar Litinin da safe, ta ce ba zai gama ba sai Alhamis. Ranar Juma'a kuwa shugabannin shirin za su zo daga Dutse su gani. Sun riga sun rubuto cewa in ba su ga abin da awon ruwan ya haifar ba, za a rufe sashen, a mayar da ita wani wuri. Aikin kuma ba ya ajiye rabi. In ya mutu a hanya, daga farko za a koma, kwana uku da rabi cur.

"Kowa ya taɓa komai a ɗakin nan," in ji ta, "ban da wannan."

Da ruwan ya sauka ranar Laraba, tun ƙarfe bakwai ta hau mashin ta nufi ƙauyukan Sule Tankarkar don ta duba ma'aunanta da idonta. Babu waya a can, babu yadda za a same ta.

Shi kuma Alhaji Rufa'i ruwan wani abu daban ya tuna masa. Motoci uku na tsaye a harabar ofis cike da irin gero da na wake masu saurin nuna. Ba a raba iri sai da takardar sunaye, gunduma gunduma, dagaci ya kira suna mutum ya karɓa. Sai ranar Talata aka gama shigar da sunayen sababbin manoma, don ba wanda ya zaci ruwa zai zo da wuri haka. Ƙarfe takwas Reuben ya ba na'urar aikin tsara sunaye dubu huɗu da ɗoriya ta buga su. Aikin awa ɗaya da rabi ne a ranar da ba ta da wani abin yi.

Ƙarfe tara firinta ta yi ƙara ta fitar da shafi biyu, ta yi shiru. Can ta sake fitar da ɗaya. Ƙarfe goma sha ɗaya ko sulusi ba a samu ba.

Na shigo da tiren shayi na tarar da Alhaji tsaye a kan Reuben, ya ture hula baya.

"Reuben, wai me ke damun abar nan? Zazzaɓi take yi?"

"Yallaɓai, aikin Madam Joyce ne ya danne ta. Nawa sai ɗan abin da ya rage yake samu."

Dalilin haka kowa ya sani a ofishin. Shekarar da aka kawo na'urar, injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa ta, Mista Chris, ya tambayi Alhaji yadda za a raba ƙarfinta in ayyuka sun haɗu. Alhaji ya ce a gidan nan babba ne gaba, yadda ake zaman taro haka za a yi. Sai Mista Chris ya tsara ta a kan matakin aiki: aikin jami'ai gaba, na akawu baya. Shekara uku ana haka ba wanda ya ga aibinsa, don ba a taɓa samun ranar da aikin akawu ya fi gaggawa ba.

Sai ga Ubale ya leƙo ta taga. Ubale ɗan Kawu Manu ne, taubashina, shi ke jan motar da za ta Maigatari. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale.

"Ranka ya daɗe, rana fa tana yi. In ban sauke irin nan a Maigatari kafin la'asar ba, dagatan ƙauyukan iyaka sun watse. Gobe kuma Alhamis, kasuwa, motar tana da raguna da za ta ɗauka." Ya hango ni. "A'a, Hajiya Tsintsiya! Ashe kina nan. Ki share musu cikin injin mana, ko ƙura ce ta toshe shi."

Sauran direbobin biyu suka yi dariya a bayansa. Na ajiye wa Alhaji kofinsa.

Alhaji ya dubi agogo. "Laimar nan kwana biyu za ta yi a ƙasa, in ta yi yawa uku. Wanda bai shuka gobe ba ya jira wani ruwan, wa ya san ranar zuwansa? Reuben, mene ne mafita?"

Reuben ya daɗe yana murza biro. Cocinsu ɗaya da Anti Joyce, ya san abin da aikin yake nufi a wajenta.

"Sai dai a kashe na'urar a sake kunnawa, Yallaɓai. In ta tashi ba kowa a kanta, kafin azahar na gama."

"Aikin Madam fa?"

"Ya tafi."

Alhaji ba mugun mutum ba ne. Na ga yadda ya shafa gemunsa sau biyu, ya dubi kujerar Anti Joyce da rigar ruwanta a rataye.

"Takarda ana sake ta, damina ba a sake ta," in ji shi. "Zan yi wa mutanen Dutse bayani, in sun ji to, in ba su ji ba Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mu ba ta zuwa sha biyu saura kwata. In ba ta canza ba, ka kashe."

Na ɗauki tire na fita. Na san bayanin Alhaji ba zai yi komai ba, don wasiƙar Dutse ni na ajiye ta a fayil, na kuma karanta ta a hankali har sau uku.

A ɗakin shayi na buɗe jakata na ciro littafina. Akwai wata rana a bara da nake shigar da awo, na'urar tana ja kamar jakin da aka yi wa lodi, in danna lamba sai na jira kafin ta fito. Anti Joyce tana da wani aiki a ciki a lokacin. Ta matso ta rubuta layi biyu, nan take allona ya saki.

"Kashe naki kika yi, Anti?" na tambaye ta.

"A'a. Cewa na yi ya yi haƙuri. Kowane aiki yana da lamba, daga sifili zuwa sha tara. Mai ƙaramar lamba shi ke shiga gaba. Mai babba yana jira, sai ya ga sarari ya ɗan taɓa. Nawa sifili ne, na mayar da shi sha tara."

Ni a raina na sa mata suna lambar haƙuri, haka ma na rubuta a saman shafin. Abin bai zame mini baƙo ba, don na san shi tun a injin Kawu Manu. In ana niƙa buhun mai tuwon sayarwa sai ga mace da kwano ɗaya na kunun mai jego, Kawu ba ya kashe inji, ba ya kuma zubar da na mai buhu. Janye buhun yake yi gefe, ya juye kwanon, minti biyu ta tafi, ya ci gaba da buhu. Ba wanda garinsa ke ɓata.

Ga layin a gabana da rubutuna. Abin da ya rage in buɗe baki a gaban Alhaji Rufa'i, mutumin da shekara uku ban taɓa ce masa komai ba ban da ina kwana da sai an jima.

Na koma ɗakin da littafin a ƙarƙashin mayafi. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Na tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake. Alhaji bai ma san ina wurin ba. Reuben ya riga ya tashi ya tsaya kusa da makunnin na'urar, yana duban agogon bango kamar mai jiran a ce an fasa.

Ubale ne ya gan ni ta taga.

"Hajiya Tsintsiya, lafiya kike buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa? In ƙuda kike kamawa ki zo waje, sun fi yawa."

Da wani ne da na gudu. Amma taubashi ba a bar masa magana, ko a gaban sarki ne.

"Kai da ka girma a gidan inji," na ce masa, "ka taɓa ganin Kawu ya zubar da buhu don mai kwano ɗaya tana sauri?"

Muryata ta fita fiye da yadda na so. Alhaji ya juyo. Reuben ya juyo.

Ubale ya daina dariya. "A'a. Janye shi yake yi gefe."

"To ita ma na'urar ana janye mata."

"Safinatu," in ji Alhaji, "da ni kike ko da direba?"

Na durƙusa. Idona a kan takalminsa na yi maganar, amma na yi ta. Na ce ba sai an kashe ba. Na ce akwai lambar da ake ƙara wa aikin Anti Joyce ya koma bayan na Reuben, yana nan da ransa, sunaye su fita, sannan ya ci gaba daga inda yake. Na miƙa littafin da hannu biyu.

Alhaji ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya miƙa wa Reuben. Reuben ya duba.

"Ban taɓa amfani da shi ba, Yallaɓai. Ni abin da Mista Chris ya koya mini na sunaye ne kawai." Ya ƙara dubawa. "In lamba ce, me zai hana a ba nawa sha tara ɗin, ya fi nata girma ya wuce?"

"A'a!" na ce, har na ɗago kai ban sani ba. "Babbar lamba ita ce baya. In ka ba naka sha tara sai gobe ma bai gama ba, kuma ba za ka iya rage ta ba."

Reuben ya janye hannunsa daga madannai kamar ya taɓa garwashi.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, yarinya," in ji Alhaji. "Kin taɓa yi da hannunki?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Na ga an yi sau ɗaya."

"Sau ɗaya." Ya girgiza kai. "Kuma ki ɗauki aikin jami'a mai mataki na goma ki sa shi bayan na akawu, ba da izininta ba. In ta dawo me zan ce mata?"

Ubale ya sa baki daga taga. "Ranka ya daɗe, ai gara ta dawo ta tarar da shi a bayan layi da ta tarar da shi a maƙabarta."

Wani direba ya tuntsire da dariya, ya kama bakinsa. Alhaji ya harare su, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Akwai abin da ban faɗa ba, kuma na san in na ɓoye shi ban kyauta ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abu ɗaya. In na ƙara lambar, ba ni da ikon mayar da ita. Ko Anti Joyce ba ta da shi. Sai Mista Chris."

"Da ke Kano."

"E."

"To kin ga. Aikinta ya zauna a baya ke nan har Juma'a ta zo ta wuce. Mene ne bambancinsa da kashewa?"

"In layi ya watse, na ƙarshe shi ne na farko," na ce. "In sunaye suka gama, ba wanda ya sake ba ta wani aiki, duk ƙarfin nasa ne."

Alhaji ya dube ni, ya daɗe, irin kallon da ake yi wa ƙofar da aka saba wucewa ba a taɓa lura da launinta ba. Sannan ya dubi agogo. Sha biyu saura minti goma sha bakwai.

"Minti goma na ba ki. Reuben, kada ka matsa daga wurin makunnin nan."

Na zauna a kujerar Anti Joyce. Na goge tafin hannuna a zani, na yi bisimilla, na shiga da sunanta. Da yatsa biyu nake rubutu, kowa yana jin ƙarar kowane harafi. Na rubuta layin farko yadda yake a littafi:

ps -al

Allon ya daɗe bai amsa ba, sannan ya zubo layuka cike da lambobi, kore a kan baƙi. Na sa yatsa a gilashin ina bi. A ƙarshen wani layi na ga damina. A ƙarƙashinsa na ga iri, aikin Reuben. Lambar haƙurin damina sifili, ta iri goma. Yadda Anti ta faɗa, haka na gani.

Saura lambar da na'urar ta san aikin da ita. A nan na tsaya, don lambobi biyu ne a jere kusa da juna, 418 da 395, ban san wacce ba ce. In na ɗauki wadda ba ita ba, ba abin da zai canza, minti goma su ƙare, Reuben ya danna makunni. Na koma littafi. A gefen shafin, da ƙaramin rubutu, na tarar da abin da na rubuta bara na manta: ta uku daga hagu, ba ta huɗu ba. Na ƙirga da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. 418.

"Hajiya, ko in kawo miki tabarau?" in ji Ubale.

"Yi mana shiru, Ubale," in ji Alhaji.

Na rubuta:

renice 19 418

Na karanta shi harafi harafi na gwada da na littafi, sannan na danna babban maɓalli. Na'urar ta amsa da layi ɗaya na Turanci. Ban iya karanta shi duka ba, amma na ga sifili a tsakiya, na ga 19 a ƙarshe.

Ba abin da ya faru. Firinta tana nan shiru. Reuben ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi agogo.

Sai firinta ta yi ƙara. Ta ja layi, ta dawo, ta ja wani, ba ta tsaya ba. Shafi ya fito ya naɗe a ƙasa, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Takardar mai huji a gefe ta riƙa sauka tana taruwa a kwali kamar ana warware bandir ɗin atamfa. Reuben ya saki makunni ya ruga ya tare ta.

"Gagarawa ta ƙare!" ya ce. "Ga Maigatari ta fara! Yallaɓai, gudu take yi!"

Direbobi suka cika taga. Ubale ya cire hularsa ya ɗora a kan sandar taga. "Wallahi jinin gidanmu ne. Ni na ce a kawo ta ofishin nan, ku tambaya."

"Ƙarya kake," na ce a hankali, Reuben ya ji ya yi dariya.

Alhaji bai yi murna da wuri ba. Ya zo bayana ya tsaya. "Nuna mini na Madam. Ina so in ga yana numfashi."

Na sake rubuta layin farko. Damina yana nan, 418, lambarsa sha tara. Na nuna masa inda na'urar ke ƙirga lokacin da aiki ya ci. Muka jira kaɗan na sake bugawa, ƙirgen ya ƙaru da ɗan kaɗan.

"Yana tafiya," na ce, "a hankali."

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Alhaji.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar shafin ƙarshe ya fito. Reuben ya yayyaga su gunduma gunduma, na taya shi sa su a ambulan. Kafin a kira azahar motocin uku sun fita daga harabar, Ubale yana ta danna oda har ya sha kwana.

Da aka dawo daga masallaci Alhaji ya shiga ofishinsa ya ɗauko ƙyallen da ake rufe allonsa da shi, ya rufe da kansa. Ya sa Reuben ya rufe nasa. Ya ce daga yanzu har aikin Madam ya gama, ba wanda zai ba na'urar ko harafi ɗaya, har shi. Yana da wasiƙu uku da za a aika Dutse a ranar. Aka ciro tsohuwar tafireta daga sito, na kakkaɓe ta, Reuben ya buga su a kanta yana ƙunƙuni saboda harafi ɗaya yana maƙalewa.

Bayan la'asar Anti Joyce ta dawo, taɓo har gwiwa. Ko hular kwano ba ta cire ba ta wuce allonta. Na ga bayanta ya sandare.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

Ina riƙe da tsintsiya a bakin ƙofa, na ji kamar in ajiye ta in gudu gida.

"Na ce wa ya mayar da shi sha tara? Reuben?"

"Ni ina na iya, Madam? Ni da aka sa in kashe shi."

Ta juyo da sauri. Reuben ya ba ta labari tun daga ƙarfe takwas, bai rage komai ba, har da inda ya so ya ba nasa babbar lamba. Tana ji tana cire hular a hankali. Da ya gama ta zauna a kujera, ta daɗe tana kallon layin damina a allo. Sannan ta miƙo hannu.

"Kawo littafin nan, Safinatu."

Na kawo. Ta buɗe shafin, ta karanta abin da na rubuta a sama. "Lambar haƙuri," ta ce. Ta karanta na gefe. "Ta uku daga hagu. Ni ma kaina sai na tsaya na ƙirga." Ta rufe littafin ta riƙe shi a ƙirjinta, idonta ya kawo ruwa, ta yi dariya don kada a gani. "Sau ɗaya fa na nuna miki."

"Na rubuta ne, Anti."

Ranar Alhamis ba wanda ya yi aikin kirki a ofis, kowa yana wucewa ta ƙofar ɗakin yana leƙe. Azahar ta yi, shiru. La'asar ta yi, shiru. Anti Joyce ta ce awa ɗaya da 'yan mintoci aikin ya rasa jiya, dole ya biya su. Ƙarfe biyar da kwata firinta ta tashi da kanta. Shafi goma sha huɗu ta fitar, kowace gunduma da ranakunta, daga ƙauyukan iyakar Maigatari har kudancin Gagarawa. Anti ta ɗauke su da hannu biyu kamar jariri.

Mutanen Dutse sun zo Juma'a da safe, mutum uku a farar mota. Ni na kai musu shayi. Sun daɗe a kan shafukan, ɗayansu yana ta ja musu layi da jan biro yana tambaya. Ina tattara kofuna na ji babbansu yana cewa a ƙara mata ma'auni ashirin a damina mai zuwa. Ba a rufe sashen ba, Anti Joyce ta ƙara shekara huɗu a Gumel.

Bayan sati biyu Mista Chris ya zo daga Kano duba na'urar. Ina shara a baranda Alhaji ya aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa.

"Tashi ki zauna a can," ya ce, ya nuna allon Reuben. "Chris, ita ce. A buɗe mata nata sunan a na'urar."

Mista Chris ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana, na faɗa masa harafi harafi. Ya ce in zaɓi kalmar sirri, ya juya baya, na zaɓa. Sannan ya tambayi Alhaji wace lamba za a sa wa ayyukana.

"Goma," in ji Alhaji. "Irin ta akawu."

Na rubuta safinatu da yatsuna biyu, na danna babban maɓalli, na'urar ta buɗe mini.